Ɗan Mutumin Kawu Sani

Duk wanda ya taɓa hawa benen Kawu Sani a Vénissieux, gefen birnin Lyon, ya san dokar gidan: ka ci, ka sha, ka miƙe ƙafa, amma kar ka kusanci wayar wutar da ke bayan kujera. Can tsohuwar kwamfutarsa take, irin wadda ake haɗawa da talabijin a sa mata kaset. A bola ya tsinto ta lokacin yana aikin sito. Wasa ɗaya tal ke ciki: wani ɗan mutum yana tura duwatsu daga ɗaki zuwa ɗaki yana neman ƙofar fita. Kuma abin ba ya tuna inda ka tsaya. Wuta ta yanke, ka koma ɗakin farko.

Ni 'yar ƙanwarsa ce, ina karatu a Saint-Denis kusa da Paris, hutu ke kai ni Lyon. Duk zuwana maganar ɗaya ce. Tanti Hadiza, matarsa, za ta ce, "Malam, ka aje aiki, yara sun girma, yaushe za mu koma Damagaram?" Shi kuwa ko juyowa ba ya yi. "Bari in fitar da ɗan mutumin nan tukuna." Mu muna dariya, Tanti kam da gaske take, kewar gida ta ishe ta.

Wata rana ta zare wayar ta sa dutsen guga. Wayyo, ranar Kawu ya zauna kamar an yi masa rasuwa, har maƙwabta suka leƙo. Tanti ta ce, "Rigarka ta Juma'a fa nake gogewa." Ya ce, "Hadiza, Allah na karɓar sallar mai yamutsattsiyar riga." Haka ya tafi masallaci, hannu ɗaya a goge, ɗaya kamar akuya ta tauna.

Da na gaji da ganin Tanti cikin damuwa, na nemo yadda ake cin ɗakin ƙarshe a intanet, na kawo masa a telefon. Mutumin nan sai ya rufe ido ya toshe kunne, yana ta salati da ƙarfi. Na ce, "Kawu, taimako ne fa." Ya ce, "Ke Balki, ni da na zo ƙasar nan ban san ko gaisuwar bonjour ba, yau ke za ki nuna mini ƙofa? Je ki zuba shayi."

Ranar da na kare digirina ya zo Paris da babbar rigarsa. Ina tsaye gaban malamai, sai na ji muryarsa daga baya, wai raɗa yake yi a waya: "Hadiza, lafiya? Wasan yana nan a kunne?" Sai da ta tabbatar masa, sannan ya ce, "To ke kin tashi lafiya?"

Daga baya Kawu ya kwanta ciwo, bai daɗe ba ya rasu. Aka kai gawarsa Damagaram kamar yadda ya roƙa. Da Tanti ta dawo kwashe kaya na je taya ta. Komai ya shiga kwali, saura kwamfutar, tana kunne yadda ya bar ta. Na duba da kyau. Duwatsun duk an ture su, hanya a buɗe, ɗan mutumin yana tsaye a bakin ƙofa. Taku ɗaya ya rage.

Na ce, "Tanti, ai ya gama."

Ta ce, "Tun bara. Na gani, na yi shiru. Jikokinsa suna nan, iyayensa suna kwance can. Ya kasa zaɓa, ni kuma na kasa tilasta shi."

Ta jawo kujerarsa ta zauna, ta tambaye ni wane maɓalli ne. Na nuna mata. Ta yi bisimilla ta danna, ɗan mutumin ya fita. Ta ce, "To Malam, ka isa gida." Sannan ta zare wayar da hannunta, muka yi kukanmu.

Allah ya jiƙan Kawu Sani, ya haskaka makwancinsa, ya buɗe masa ƙofar da babu kewa a bayanta. Amin.