Inda Farin Hayaƙi Yake Zuwa

Mun tashi daga Tsanyawa bayan sallar asuba, ni da mahaifina. Tarin da ya addabe shi tun bara ne ya sa muka nufi asibiti a Kano. Shekara talatin ya yi yana walda, ƙofofi da tankunan ruwa, yawanci da farin ƙarfen nan mai rufin tutiya, wanda da wuta ta taɓa shi sai ya tada farin hayaƙi. Yanzu ni nake riƙe da shagon.

Gero ya yi kai dama da hagu, gona manne da gona, har Bichi. Direba ya cusa mu huɗu a mazaunin mutum uku, kuɗin mota kuma ya ƙaru, wai mai ne. A tasha Baba ya sayi madarar gwangwani. Ƙa'idar masu walda ce a garinmu: in ka ƙona farin ƙarfe ka sha madara, tana wanke hayaƙin. Ni ma a kan haka na tashi.

Likita ya daɗe yana duban hoton ƙirjin, sannan ya ce huhun ya ci wuya. Baba ya kawo zancen madara. Likitan ya ce ita ciki take zuwa, hayaƙi kuwa huhu. Baba bai musa ba, amma na san fuskarsa, bai yarda ba.

Bayan azahar muka biya kamfanin da ake haɗa jikin motoci, inda ɗan maƙwabcinmu yake injiniya. Ya tsayar da mu bayan wani baƙin gilashi. A ciki wani haske siriri kamar allura, leza suke ce masa, yana bin gefen ƙofar mota yana haɗe farin ƙarfe biyu. Injiniyan ya ce tutiya tana tafasa tun kafin ƙarfe ya narke, shi ya sa suke barin rata kamar kaurin gashi don tururin ya fice, in ba haka ba waldar ta yi huji-huji. Baba ya gyaɗa kai, ya san hujin nan sarai.

"To hayaƙin fa, ina yake zuwa?"

"Bututun can yake zuƙe shi, Baba. Kuma ba a barin kowa a ɗakin."

"Ba kwa shan madara?"

"A shayi dai, Baba."

Ban ga Baba ya yi dariya ba. Tausayinsa ya kama ni, tsoro kuma ya biyo baya, don shagonmu ƙofa ɗaya ce, babu taga.

Da yamma muka iso gida. Na dawo da sanin cewa abu yana iya zama gado kuma ya zama kuskure. Ana shirin kiran magariba Baba ya ja ni shago, ya zana faffaɗan murabba'i a bangon baya da sandarsa.

"Gobe ka fasa nan," in ji shi, yana haki. "Nawa ya riga ya shiga. Naka ne da saura."