Tafiyar Mma Sahadatu Zuwa Kumbungu

Duk wanda ya saba sammako a Kalpohin ya san ƙararrawar keken Mma Sahadatu. Shekara ashirin da biyu ke nan tana rarraba burodi. Da an idar da sallar asuba sai ta nufi gidan burodin da ke bayan layinsu, a cika mata akwatin katakon da ke ɗaure a bayan kekenta, mai sukari a ƙasa, na shayi a sama. Daga nan ta bi masu shayi da masu ƙananan shaguna ɗaya bayan ɗaya har Gbalahi, inda gidaje ke ƙarewa gonakin masara su fara. Kafin ƙarfe tara ta dawo gida, akwati wayam, sai ƙamshi.

Ba da keke ta fara ba. Jikar fatake ce, kakanta ya zo Tamale da fataucin goro, zama ya yi masa daɗi, bai sake komawa Katsina ba. A unguwar Zango aka haife ta, aure ya kawo ta Kalpohin tun unguwar tana rabin daji. Da fari a ka take ɗaukar tiren burodi, har wuya ya soma yi mata ciwo. Mijinta, Malam Abdul-Rahim, kafinta ne. Shi ya samo mata keken gwanjo mai kwando a gaba, ya ƙera akwatin da hannunsa. Tana da 'ya'ya biyu lokacin da ta koyi hawa a filin makaranta, ta kuwa sha faɗuwa. A Tamale mace a kan keke ba abin kallo ba ce, don haka dariyar faɗuwar kawai aka yi mata, ita ma ta taya su.

Bana, farkon watan Agusta, ta je asibitin unguwa awon jini kamar yadda ta saba. Nas ɗin da ke aiki ranar, wata mai fara'a da ake kira Samiha, ta dubi na'ura ta dube ta.

"Mma, jininki ya fi nawa kyau. Keken nan ne sirrin, ko?"

"Keke da burodi," in ji Sahadatu.

Samiha ta ce suna da ƙungiyar masu hawan keke, yawanci malaman makaranta da ma'aikatan jinya, kuma Asabar ɗin ƙarshen wata za su yi tafiya daga Tamale zuwa Kumbungu su dawo, kusan kilomita hamsin, don tunatar da jama'a su riƙa auna jininsu. Ta ce suna son ta zo.

"Me za a kai can?" Sahadatu ta tambaya.

"Babu komai, Mma."

"To me za a ɗauko?"

"Shi ma babu."

"Hawa kawai? A tsakiyar damina?"

Ta fito tana dariya, amma maganar ta bi ta har gida. Ta tuna cewa a duk shekarun nan kekenta bai taɓa wuce Gbalahi ba, kuma ba ta taɓa hawansa ba sai da dalili. Kwana uku tana juya abin a ranta. Rana ta huɗu ta biya asibitin ta ce a rubuta sunanta, Samiha ta ba ta takardar abubuwan da ake bukata.

Malam Abdul-Rahim ya ɗora tabarau ya karanta mata: hular kwano, rigar ruwa, famfo, tib na ajiya, kayan faci, ruwan sha, abin taɓawa, da birki mai kamawa. Bai ce kada ta je ba. Wadda ta tayar da ƙura ita ce babbar 'yarsu Latifatu, malamar makaranta a Dungu, da ta kira a waya.

"Baba, shekararta hamsin da ɗaya fa. Ga ruwa, ga manyan motoci. In ta zame fa?"

"Uwarki ta yi damina kusan ashirin a kan keken nan," in ji shi. "Ke ko ɗaya ba ki yi ba."

Latifatu ta ajiye waya ba ta gamsu ba.

Aikin farko shi ne kai keke wurin Usumanu, mai gyara a gindin dogon yaron bakin titi. Usumanu Badagombe ne, Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinsa. Ya kifa keken, ya juya taya, ya matsa birki, ya girgiza kai.

"Mma, wannan birki ya mutu tuntuni. Yaya kana tsayawa?"

"Da ƙafa nake taimaka masa."

"Da burodi kana tafiya sannu-sannu. Can akwai gangara, kuma in ƙarfe ya jiƙe, roba ba ya kamawa."

Ya sa sababbin robobin birki gaba da baya, ya canja wayar da ta fara tsinkewa. Tayar baya ta suɗe har zare ya leƙo, ita ma aka sauya ta. Ya wanke sarƙa da kananzir, ya ɗiga mata mai ɗigo-ɗigo, ya goge ragowar da tsumma don kada yashi ya manne. Sa'an nan ya ɗauki sifana ya nufi ƙarfen da ke rufe taya, mai tare laka.

"Wannan ma mu cire. Masu tsere ba su sawa, nauyi ne."

"Ajiye sifanar nan, Usumanu. Masu tsere su ke wanke wa kansu kaya? Ni na san abin da jar ƙasar garin nan ke yi wa bayan riga."

Ya yi dariya ya bar shi. Amma a kan akwatin burodi bai ja da baya ba. Ya ce katako in ya sha ruwa nauyinsa ninkuwa yake yi, kuma iska za ta riƙa dukansa. Ta ce za ta yi tunani.

Sauran shirin a gida aka yi shi. Abin da ta sani game da ruwa, a wajen burodi ta koye shi: leda ɗaya ba ta isa, sai biyu, kuma bakin ta ciki ya kalli ƙasa. Haka ta naɗe busassun kayan canji, da ƙaramar sallaya, da waya. Tib da famfo da faci suka shiga leda tasu dabam. Ta soya gyaɗa, ta sayi dabino. Silifas ɗin da take hawa da shi kullum ta ajiye shi gefe, don ta san yadda yake sulɓewa a kan jiƙaƙƙiyar feda, ta ɗauko takalmin roba mai rufe ƙafa. Zani ma ba zai yi ba. Ta kai wa tela atamfa ya ɗinka mata wando mai tsuke ƙafa da riga har gwiwa, ta zaɓi gajeren hijabi wanda sarƙa ba za ta kama ba.

Rigar ruwa kuwa ta Malam ce, wadda yake sawa in zai hau babur. Ran Laraba da la'asar hadari ya haɗo, ruwa ya kece. Sahadatu ta zura rigar ta fita tsakar gida ta tsaya daidai ƙarƙashin indararo. Malam yana zaune a baranda yana kallon ikon Allah.

"Maman Latifa, lafiya?"

"Gwaji nake yi. Gara ta ba ni kunya a gida da ta ba ni a hanya."

Ta kuwa ba ta. Ruwa ya sami hanya ta ɗinkin kafaɗar hagu ya gangara har ƙugu. Da rigar ta bushe, Malam ya yanko ƙyallen tsohon tib, ya shafa sholisho, ya manne wurin ta ciki. Washegari aka sake ruwa, ta sake tsayawa, ko ɗigo bai shiga ba.

Ran Juma'a, bayan ta gama zagaye ta sanar da masu shayi cewa gobe mai adaidaita ne zai kawo musu burodi, ta ce wa Malam ya kwance akwatin. Ya ɗauko sukundireba ya warware kusoshin da ya ɗaura da kansa shekarun baya, biyu sun yi tsatsa sai da ya sa mai. Ta hau don ta gwada. Taku ɗaya ta yi keken ya zabura kamar ɗan akuyan da aka kwance, kansa ya yi dama ya yi hagu, saura kaɗan ta rungumi katangar maƙwabta.

"Innalillahi! Wannan ba kekena ba ne!"

"Naki ne. Kaya kika sauke masa."

Ta zagaya layin sau huɗu kafin hannunta ya saba. A zagaye na biyar sai ta ji tana murmushi ita kaɗai.

Saura hular kwano. Ta babur ɗin Malam ta gwada, ta ji kamar ta kifa tukunya a ka, ba ta ko jin magana. Tana cikin tunanin yadda za ta yi sai ga Latifatu da yamma, ta sauko daga babur da wata hula mara nauyi mai ramuka, ta aro wurin abokiyar aikinta. Ba ta ce ta sauya ra'ayi ba. Ta dai ɗora wa uwar a kan hijabi, ta daidaita igiyar a haɓa, ta ce, "Mma, in kin gaji ki tsaya. Akwai motar da ke bin baya, na tambaya."

Asabar gari ya waye da lumshi. Mutum kusan arba'in suka hallara a filin da aka ce a haɗu, da kekuna masu siraran tayoyi da riguna masu sheƙi. Nata ne kaɗai mai kwando. Sai Samiha ta hango ta, ta ɗaga murya, "Ga Mma ta zo!" Aka yi mata tafi, aka yi addu'a, aka tashi.

Suna fita gari yayyafi ya fara, can kuma ya zama ruwa sosai. A nan ta ji an shigo fagenta, don ita da ruwa sun saba. Ta riƙa kama birki tun da nisa, tana kauce wa duk inda ruwa ya kwanta, don ta san rami a ƙarƙashinsa yake ɓuya. Waɗanda suka wuce ta da gudu, kowanne da jan layin laka daga ƙugu har ƙeya. Ta tuna Usumanu da sifanarsa, ta yi dariya. Fadamun shinkafa suka buɗe dama da hagu, kore shar har iyakar gani, da itatuwan kaɗanya suna ɗigar ruwa. Ba ta taɓa sanin akwai irin wannan a bayan garinsu ba.

Wajen kilomita goma sha takwas cinyoyinta suka fara zafi, sirdi ya zama dutse. Samiha ta rage gudu ta jera da ita, suka ci dabino suna tafe. Da suka shiga Kumbungu ruwa ya tsagaita. Matan bakin kasuwa suka ga mace sa'arsu cikin ayarin, suka yi ta kiranta da Dagbanci suna sa mata albarka, wata ma ta miƙo mata dafaffiyar masara.

Dawowa ta fi wuya. Sau biyu ta sauka ta tura a hawa, motar baya ta tsaya, ta ɗaga wa direban hannu ya wuce. Ta shigo Tamale ana kiran azahar, cikin goman ƙarshe, amma a kan kekenta.

A gida Malam ya riga ya dafa ruwa. Ta yi wanka, ta yi salla a zaune don gwiwoyi sun ƙi lanƙwasuwa, ta ci tuwo da miyar ayoyo, ta kwanta. Ba ta farka ba sai da rana ta yi sanyi. Ta tarar da shi da Latifatu a baranda suna jiran labari.

"To, yaya Kumbungu?" in ji Malam.

"Tana nan lafiya," ta ce, tana laluben kujera a hankali. "Sun ce wata mai zuwa Savelugu za su. Latifa, ki tambayi mai hular nan inda ta saye ta."