Tsohuwar da ba ta cikin waya

Da sunan Allah nake farawa. Nawa sunan kuwa zan ɓoye shi, saboda 'ya'yana.

Ni ɗan manomi ne daga wani ƙauye a ƙasar Minjibir. A gaban Malam Isa na sauke Alƙur'ani, kuma cikin ɗalibansa babu wanda ya kai ni kyan rubutun ajami. Da na girma sai na kafa tebur a bakin tasha ina cajin waya. Sana'a ce mai yawan zama, ni kuwa na cika zaman da leƙen shafukan mutane.

A nan na lura da wani abu. Idan mutum ya saka hoto, sau da yawa yakan haɗa da sunan wurin da yake. Na fara bin shafin Alhaji Sabo, mai kiwon raguna a bayan garinmu. Duk Asabar ɗin da ya saka hoto a gidan mai, Lahadi sai kasuwar Dambatta, ba ya dawowa sai la'asar. Matarsa kuwa, in ta nuna tana gidan mai lalle, to kwana biyu tsakani akwai biki.

Da fari wasa ne. Nakan ce wa abokai, "Gobe Alhaji ba ya gari." Idan ya tabbata su fashe da dariya, su ce, "Malam, duba ka koma ne? A duba mana matan da za mu aura!"

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, wani mahauci mai suna Ɗanladi. Ya jira kowa ya watse, ya ce, "Wanda ya san ranar fitar maigida, ai ya san ranar da gida ba kowa."

Na ce a'uzubillahi. Bayan mako biyu ni na neme shi.

Na shiga rubuta fitar mutane da komawarsu a takarda, da ajami, don ko wani ya gani ya ɗauka addu'a ce. Gida huɗu muka shiga da rana tsaka, lissafina bai taɓa kuskure ba. Ranar da na fara jin daɗin hakan ita ce ranar da na lalace.

Ana saura wata guda Babbar Salla komai ya haɗu. Alhaji ya nuna yana gidan mai ran Asabar, matarsa ta sha lalle tun Juma'a, ɗansa ya ɗauki hoto a shagon tela yana karɓar ɗinkin biki. Na ce wa Ɗanladi, "Gobe da hantsi gidan nan wayam ne."

Muka shiga ta dangar baya. Mun kwance rago na uku ke nan sai na ji tari daga rumfa. Inna ce, mahaifiyar Alhaji, tana ɓarar gyaɗa. Ba ta da waya, ba ta taɓa fitowa a hoton kowa ba, don haka ba ta cikin takardata. Idonta ya yi rauni, ba ta gane mu ba. Ta dogara sanda ta taso tana cewa, "Wane ne? Samari, ku ji tsoron Allah, na layyar mutane ne."

Ɗanladi ya ture ta. Har yau ina jin ƙarar faɗuwarta a kan turmi. Muka gudu, ban waiwaya ba.

Ashe takardar ta faɗi a bakin danga. Kun san halin mutanenmu, ba a barin rubutun Arabiyya a ƙasa. Wani maƙwabci ya tsince ta, ya kakkaɓe, ya kai wa Malam Isa don a adana.

Washegari Malam ya zo tasha da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya shimfiɗa takardar a kan teburina. "Hannun nan ni na riƙe shi na koya masa," in ji shi. "Kana rubuta inda bayin Allah suka je. Ka manta kai ma akwai masu rubuta naka?"

Na amsa laifina. Ya raka ni wurin mai gari, daga nan sai hukuma.

Shekara huɗu na yi a gidan yari. Inna ta karye a ƙugu, ba ta sake tashi ba, kuma ta rasu tun ban cika shekara a ciki ba. Da na fito na je na durƙusa gaban Alhaji Sabo. Ya ce, "Ragunan na yafe. Na Inna kuwa ba ni da ikon yafewa."

Yanzu noma nake yi, na tuba, ina roƙon Allah Ya karɓa.

'Yan'uwa matasa, in za ku saka hoto, ku bari sai kun dawo gida, don irina suna nan zaune, ba su gajiya da kallo. Kai kuma da ka fara bin sawun wani a waya kana cewa wasa ne, ajiye ta tun yau. Ni ma da dariyar abokai na fara. Duk Juma'a ina zuwa kabarin Inna, ina neman gafarar wadda ba za ta amsa mini ba sai ranar tsayuwa.