Farar Riga a Ƙarƙashin Kaftani

Na bar jami'a ina aji biyu, shekarar da mahaifina ya kwanta ciwo, shagon fentinsa na Sabon Gari ya rasa mai zama. Na ce baɗi zan koma. Baɗin bai zo ba sai da furfura ta fito mini a gemu.

Abin da ya mai da ni Samaru wani tsari ne da aka buɗe wa irinmu masu guntun karatu. Ba a ɗaure ka a sashe ɗaya. Ka ɗauki darasi nan, ka ɗauki can, a ranakun da kake da sarari, in sun taru a ba ka digiri. Malamin da ya yi mana bayani ya yi ta yabon abin, wai kowa da hanyarsa. Bai yi ƙarya ba. Kowa da hanyarsa, shi ya sa ban haɗu da kowa a tawa ba.

Ni ba aiki nake nema ba, wa zai ɗauki mai shekara arba'in da ɗoriya? Abin da ke ci na shi ne abokan karatuna na farko suna da ƙungiya, suna taruwa bayan salla, suna kiran juna 'yan ajinmu. Ni ba a gayyata ta. So nake ni ma in samu mutanen da na gama tare da su.

Sai ga shi Talata ina tarihi da wasu yara, Alhamis tattalin arziki da wasu, Asabar harkar noma da wasu daban. Kowane zango sababbin fuskoki. Ba wanda ya raina ni, da ma raina nin suka yi. "Baba ga kujera." "Baba sannu da zuwa." Ina zama hira ta mutu. In malami ya ce a kasu rukuni-rukuni, sai su sa sunana su ce, "Baba ka huta, mun riga mun yi."

A Sabon Gari kuwa majalisarmu ta ƙofar shagon mai taya ta ci gaba ba ni. Ranar da na leƙa, mai tayar ne ya fara.

"Ga Furofesa nan. Yau me aka koya maka, tarihi ko noman albasa?"

"Duka," na ce.

"To in ka gama me za mu riƙa kiranka? Likita dai likita ne, lauya lauya ne. Kai fa?"

Maƙwabcina, wani Ibo mai sai da kwanon rufi, ya ce, "Oga, wannan digiri naka kamar miya na gidan biki ne, komai akwai ciki."

Aka kwashe da dariya. Na taya su, amma na rage zuwa.

Akwai wata al'ada ta ɗalibai. Ranar jarrabawar ƙarshe masu gamawa kan sa farar riga, in sun fito su yi ta rubutu a jikin juna da maka, kowa ya sa sunansa da addu'a ko zolaya. Na daɗe ina kallon wannan daga nesa. Da tawa ranar ta matso na shiga kasuwa na sayi rigar, na ce wa mai shagon ta ɗana ce. Ya dubi tumbina ya miƙo mini babba.

Da safe na sa ta, na ɗora kaftani a kai. Matata ta gani.

"Maigida, riga biyu a wannan zafin?"

"Ke dai ki yi mini addu'a."

Jarrabawar tawa ta ƙarshe da 'yan aji biyu na yi ta. Su da sauransu, suna fitowa suka watse neman abinci. Na bi hayaniya har gaban sashen tattalin arziki, inda masu gamawa ke tsalle. Na tsaya gindin wata bishiya, na tuɓe kaftanin na rataya a hannu. Mutum da iyali, tsaye cikin rigar yara.

Na jima a nan. Wasu suka dube ni suka kau da kai, wataƙila sun zaci ɗana nake jira. Can wata yarinya da muka taɓa zama aji ɗaya ta gane ni, ta taho da makarta a hannu.

"Baba, kai ma ka gama?"

"Na gama."

Na juya mata kafaɗa. Ta cire murfin makar, ta ɗaga hannu, sai ta tsaya.

"Wallahi Baba ba zan iya rubutu a jikinka ba. Sa'an mahaifina ne kai."

"Rubuta mana, ba komai."

"Kunya nake ji." Ta ɗan rusuna. "Allah ya sanya alheri, ya sa a amfana."

Na ce amin. Ƙawayenta suka kira ta, ta ruga.

Na ƙara tsayawa kaɗan, ko wani marar kunya zai zo. Duk masu tarbiyya ne. Na zagaya bayan wata mota na mai da kaftanina, na fita bakin titi na tari bas ɗin Sabon Gari.