Manaja da Fulawar Goggo

Ai kar ma ku yarda wani ya ce muku kiwon kifi a falo hutu ne. Ku je ku tambayi Mai Walda. Tankin gilashinsa ya kai tsawon gado, da hannunsa ya ƙera ƙarfen da ya ɗora shi a kai, abin ya cinye rabin falo. Kifaye ga su nan birjik, amma ɗan gaban goshinsa wani ƙato ne mai jan ciki da ya sa wa suna Manaja, wai don ba ya tsinana komai sai buɗe baki.

Da can shi yake kwashe ruwan da bokiti ya zuba sabo. Sai bayansa ya ce bai san zance ba. Likita ya hana shi ɗaukar ko da buta. Injin tace ruwa na ta gurnani amma abin ya fi ƙarfinsa. Ruwa ya yi kore shar, ƙarni ya cika gida, Manaja ya lafe a ƙasa ya ƙi cin abinci.

Matarsa, Goggo, ba ta iya ɓoye magana ba. Ta ce, "Baban yara, ka rabu da kududdufin nan tun kafin ya kore mu."

Ya ce, "Kududdufi? Ke da kika mai da taga daji?"

Nan kam bai yi ƙarya ba. Goggo mayyar fulawa ce, ba kofin da ba ta tsoma reshe a ciki don ya yi saiwa ba. Ranar da kofuna suka ƙare, ta yanko rassan wata mai yaɗo ta rataya a bakin tankin, gindi a ruwa, ganye a waje. Saiwoyi suka sauko farare kamar gemun tsoho. Ruwa ya fara washewa, Manaja ya tashi. Mai Walda ya dinga shafa injinsa yana yaba masa.

Wata safiya ya sa tabarau ya hango saiwoyin. "Wannan wace ƙazanta ce?" Ya ɗauko almakashi ya yi musu aski tas.

Goggo ta yi kwana da kwanaki ba ta kula shi ba. Ruwan ma ya yi fushi, ya koma kore. Mutumin ya zauna ya zuba wa tankin ido. Shi dai a wajen aiki ya sani, in ka cire ƙarfe rumfa ta rufto, to ƙarfen nan ne yake riƙe da ita.

Ya same ta a kicin yana sosa ƙeya. "Maman yara, ko akwai sauran dajin nan?"

"Au, yau daji ya yi rana? Kashin Manajanka saiwoyin suke sha, malam, shi ne takinsu. Wanke ƙasar jikinsu tas, saiwa kawai za ka tsoma. Ka nutsar da ganye ya ruɓe, ba ruwana."

Ya ƙera mata 'yar maratayar ƙarfe a saman tankin, ta jera fulawarta. Yanzu ganye ya hau bango har ya kama labule, ruwa garau, canjin ruwa kuwa sai in ɗansu ya leƙo ya kwashe 'yan bokitai. Da yamma su biyun suna zama a gaban gilashin, Manaja na kai da komo cikin saiwoyi, su kuma suna musu. Shi ya ce kifinsa ke ciyar da fulawarta, ita ta ce fulawarta ke wanke wa kifinsa gida.

To ku faɗa mini tsakani da Allah, tankin nan yanzu na waye?