Ƙyallen Tatar Subiya

Uwar mijina ba ta yarda da rariya ba. Subiya, in ji ta, da ƙyalle ake tace ta, kuma da zafinta. Na shigo gidansu a unguwar Hindawiyya ta Jidda ina taƙama da girkin da na koyo a Sudan, ta dube ni ta ce riƙon bakin ƙyalle ne aikina. Na ji haushi ƙwarai, amma na riƙe.

Duk azumi takan tafasa sha'ir da kirfa da 'ya'yan ƙamshin da ake kira hel a babbar tukunya, ta tace, ta sa sukari, ta bar ruwan ya kwana a randa. Washegari da magariba leburorin tashar jirgin ruwa su biyo ta ƙofarmu su sha sadaka. Hatsarin yana wurin tatar. In diddiga ta tsallake ta kwana a zafin Jidda, abin sha ya tashi ya zama giya. An taɓa yi mata habaici a layi cewa subiyar Takaruna, wato mutanenmu na Afirka ta Yamma mazauna can, tana juya kai, kuma ba ta manta ba. Sau uku take tacewa, ta ɗaga kofi a rana ta duba, ko ƙwayar dusa ta gani sai a sake.

Wata rana da azahar, tukunya na tururi, tsohon ƙyallen ya yage a hannunmu, dusa ta zube cikin ruwan da muka tace. Kantuna a rufe, ga tukunya za ta huce. Na miƙa mayafina.

"Mai rini? Ki shayar da masu azumi shuni?"

"To Inna, a bari sai gobe mana. Kwana ɗaya ba zai kashe kowa ba."

"Gobe sunana za ki tace, 'yata, ba subiya ba. Jawo mini akwatin nan."

Ta fito da farin yadi a naɗe. Na san shi, likkafaninta ne, wanda ta wanke da ruwan zamzam ta ajiye. Ta auna kamu biyu, ta sa almakashi kamar mai yanka tsumma.

"Inna, wannan fa na tafiya ne."

"Tafiyar ba yau ba ce. Yalla, maza riƙe, kada ki bari tsakiya ta lotsa."

Ta murɗe yadin da hannu biyu, zafi na cin yatsunta, amma ba ta saki ba. Ban taɓa ganin subiya mai haske irin ta ranar ba. Daga nan na daina gunaguni, gaskiya matar ta burge ni. Na ce mijina zai sayo wani ya cike gurbin, ta ce halas, a bar zancen, maganar mata ce, kada in tayar masa da hankali.

Shekaru suka wuce, ban sake jin mai habaici ba. Da ta rasu na buɗe akwatin don masu wanka, sai na tarar yadin ko jariri ba zai rufe ba. Ashe ta ga ya fi kowane ƙyalle tata, duk azumi sai ta yanka. Ina zaune da guntun a cinya ina kuka, mijina ya leƙo ya ce leburorin tasha sun cika layi, sun ajiye aiki, kuma babbansu yana sallama da farin yadi a kafaɗa.