Zubairu Uku a Bakin Murhun Kaka

Yaran yanzu in suna son sanin manyan mutanen da suka ci wani suna, waya suke latsawa ta jero musu: wannan gwamna, wancan farfesa. Mu a Abakpa kakarmu ce wayar, kuma ita ba ruwanta da gwamnoni. Nata manyan mutanen sai sun fasa kan wani kafin su shiga lissafi.

Ana idar da magariba muke kewaye murhu a tsakar gida, tuwo yana sulala. Kaka tana gyara itace da hannun hagu, domin na daman a karkace yake. An ce mana faɗuwa ta yi a bakin rijiya.

Makon da aka haifi ƙanena, Baba ya ce sunan mahaifinsa marigayi zai sa wa jaririn, wato Zubairu. Kowa ya yi murna ban da Kaka. A al'adarmu mace ba ta kama sunan mijinta ko yana kabari. In kuma aka yi masa takwara, ita za ta goya yaron, tana masa wasa tana ce masa "Maigidana".

Ran nan ta ce, "Ku matso, tatsuniyar yau ba Gizo a ciki. Ta masu sunan nan ce."

Na ce, "Wane suna, Kaka?"

"Je ka tambayi ubanka, mai kunnen zomo."

Na farko ɗan dambe ne, mahauci. Naushi ɗaya ya yi wa abokin karawarsa, haƙora suka watse a yashi, aka ɗauki mutum bai sake tashi ba. Makaɗa suka yi ta wasa shi gari gari. Sai wata safiya ƙanen mamacin ya tare shi a mahauta da wuƙar fawa. "Da hanjinsa a hannu ya tako har bakin titi," in ji Kaka. Mu kuwa, marasa imani, muka dinga tafi.

Kashegari ta kawo na biyu, mai farautar kada a kogin Kaduna. Da mashi yake bin su har cikin rami, har mata suka samu damar wanki a bakin ruwa. Ran da wata tsohuwar kada ta cafke masa cinya, ya tura yatsa ya ƙwaƙule mata ido. Ita ta tafi da ido ɗaya, shi kuma aka binne abin da ta rage. Na lura Kaka tana ɗaga murya wajen zaure, inda Baba yake cin tuwo. Baba kuwa ya ci gaba da lomarsa.

Jajibirin suna gida ya cika da mata, ana ta suya, rago yana ɗaure. Kaka ba ta ɗaga murya ba wannan karon.

"Na ukun ɗan doka ne. Ɓarayi in sun ji takunsa sai fitsari. Ya karya ƙafar wani a kasuwa, gari ya yi ta shi masa albarka. Amma in ya dawo gida ba ya rataye kulkinsa a zaure, da shi yake shigowa. Wata rana ya tarar tuwo ya huce. Matarsa tana shayar da jariri. Ya ɗaga kulkin, ta ga kan yaron zai samu, sai ta tare da hannu. Ƙashin ya ce ƙas."

Ni da na riga na zama masani, na ce, "Shi kuma wa ya farke shi?"

"Babu. A kan gadonsa ya mutu, jana'izarsa har titi."

Sai muka ga Baba tsaye a bakin zaure. Ya ce, "Inna, wane ne wannan?"

Ta ɗaga hannun nan nata a hasken wuta. "Zubairu," ta ce, sarai, kowa na ji. "Jaririn kuma kai ne."

Goggo, ƙanwar Baba, ta saki matsami cikin mai. "Inna! Sunan nasa?"

"Na faɗa. Ya taso ya doke ni."

Baba ya juya ya fita. Da safe liman ya yi addu'a, sanƙira ya ɗaga murya: sunan yaro Aminu. Dattawa suka kalli juna, Baba ya ci gaba da raba goro.

Na girma ina bincike irin namu na masu rabin boko. Na tambayi tsofaffin mahauta, na tambayi masunta a bakin kogi, ban samu wanda ya taɓa jin ɗan damben nan ko mai kadan nan ba. Yanzu da furfura ta cinye ni, ina zaton ƙera su ta yi, don ta lallashi bakinta kafin ya iya faɗin na ukun. Mu muna tafi, ashe ita ƙarfin hali take tarawa.

Aminu kuwa ita ta goye shi, mu muke taya ta ɗaure zanen. Ko yana bayanta sai ta ƙwala masa kira, "Aminu! Aminu!", har maƙwabta suka aiko a tambaya ko yaron ɓata ya yi.